Kaset ɗin Mahaifinka da Ƙarar Injin Niƙa

Gwarzo,
Ranar Alhamis.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin natsuwa. Allah Ya tsare ka a tafiyar da za ka yi jibi, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sauke ka Legas lafiya, Ya sa ka shiga aikin nan na kamfanin waya da ƙafar dama.

Za ka yi mamaki, ina cikin gida kana cikin gida, bango ɗaya ne tsakaninmu, amma na aiko ƙanwarka Hadiza da takarda. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ido cikin ido ba, kuma ba yau zan fara ba. Abin da ya yi wa baki nauyi, alƙalami yana iya ɗauka. Ka rufe ƙofa ka karanta har ƙarshe. Kada ka fito nemana a tsakiya.

Maganar salla da abokai da matan birni, liman ya yi maka, kawunka ya yi maka. Ba zan maimaita ba, sai dai ka sani duk ranar da na ji ka bar asuba saboda aikin kamfani, ba ni ba cin abin da ka aiko. Maganata ta yau daban ce.

A cikin ƙullin da ke tare da takardar akwai kaset. Shi ne na mahaifinka, wanda ka tambaye ni ranar Lahadi na ce ya ɓata. Bai ɓata ba. Shekara goma sha biyar yana ƙasan adakata, a naɗe cikin ɗankwali. Ƙarya na yi maka, kuma ba ita ce ta farko a kan kaset ɗin nan ba.

Ka tuna yadda maganar ta taso. Ina bakin murhu, kai da Hadiza kuna kan tabarma, ta ce ka faɗa mata wai me za ka je yi a Legas. Kuna tsammanin hankalina yana kan tukunya, alhali ina jin komai. Ka ce aikinka raba magana da ƙarar da ke shiga cikinta. Ka ce in aka bar sauti yadda ya zo, yana gudana daƙiƙa bayan daƙiƙa, magana da ƙara a cakuɗe suke, ba inda za ka sa hannu ka cire ɗaya ka bar ɗaya. Amma akwai wani lissafi, mai sunan wani Bature da na kasa riƙewa, da ake sa kwamfuta ta yi, ta juya sautin ta shimfiɗa shi ta wata fuska, daga murya mafi kauri zuwa mafi siranta. A nan, ka ce, ƙarar inji ba ta iya ɓuya. Da yake ba ta canza murya, sai ta tsaya wuri ɗaya kamar turke, 'ya'yanta na biye da ita a jere, tazara ɗaya. Muryar mutum kuwa a baje take, tana hawa tana sauka. Sai a tuge turakun, a sake juya lissafin, sautin ya koma yadda yake, ba ƙarar.

Hadiza ta ce, "Yaya, ashe rege shinkafa ka yi shekara biyar kana koya a jami'a? Da ka zo na koya maka kyauta."

Ka yi dariya ka ce, "Wallahi shi ne. A bushe ba kya raba ta da tsakuwa. Sai kin zuba ruwa kin karkaɗa, nauyi ya nuna wa kowa wurinsa."

Na gane fiye da yadda kuke zato. Ni ma na yi kimiyya a sakandare, na ga ƙarfen nan mai baki biyu da malami ke bugawa ya yi ta kuka da murya ɗaya. Sai kawai ka juyo ka ce, "Inna, kaset ɗin nan na Baba mai ƙarar inji, ki ba ni in gwada." Abin da na shekara goma sha biyar ina dogara da cewa ba mai iya ji, ɗana ya je ya koyo yadda ake jinsa.

To saurara, in faɗa maka tun daga farko.

Kana ɗan shekara takwas lokacin. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, waɗanda mutane ke kira ostariti. Sabulu da madara sun zama abin layi. Aka rage ma'aikata a ofishinsu, sunan mahaifinka ya fito. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayi tsohon injin niƙa, wannan dai da ke shagon jikin zaure, ya ɗauki Malam Audu yana kula da shi. Da injin nan muka ci, da shi muka yi sutura. Amma tsoho ne. In ya mutu, sai maza biyu sun yi ta juya hannunsa kafin ya tashi, wata rana a wuni ana fama bai tashi ba.

Da ciwo ya ci ƙarfin Malam, wato mahaifinka, aka shirya kai shi asibiti Kano. Ƙanensa, Baffanka Sani mai gyaran rediyo a Kabo, ya yi tafiya kudu sayen kayan gyara, ba hanyar samunsa. Da hantsi, ana jiran mota, Malam ya ce in miƙo masa rakoda da sabon kaset, zai bar wa Sani saƙo. A ranar mutanen ƙauyen Kara sun kawo dawar biki a kan jakuna, suna so su koma kafin azahar, inji yana ta ruri, ɗakin Malam kuwa bango ɗaya suke da shagon.

Ya ce, "Ki ce wa Audu ya kashe injin nan, minti goma kawai."

Na ce, "Malam, in ya mutu wa zai tayar? Ga mutane sun zo daga nesa. Ka ɗan ɗaga murya mana."

Ya ce, "Muryar ce babu."

Na ce, "To bari su gama wannan buhun."

Ya dube ni, ya danna rakodar. Ni kuma na fita dama masa kunun tafiya. Buhu ya ƙare aka ɗora wani. Ban koma ɗakin ba sai da mota ta iso. Kwana tara bayan nan ya rasu a Kano.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Na ji tsoron inji ya ƙi tashi, ban ji tsoron mutum ya ƙi tashi ba. Kai da bakinka ka faɗa wa Hadiza cewa duk ƙwarewar mai tace sauti, bai kai wanda ya kashe ƙarar tun daga tushe ba. Saboda haka, Abba, duk ranar da wani ya ce maka yana da magana, ka ajiye abin da ke hannunka. Ko ƙaramin ma'aikaci ne, ko mai gadi ne, ko matar da Allah zai ba ka. Ka kashe injinka ka saurara. Aiki yana jira. Na ga dawa ta kwana ba a niƙa ba, ba abin da ya same ta.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, domin na farko gaggawa ce, shi kuwa da saninsa na yi.

Baffanka bai dawo ba sai da aka yi sadakar bakwai. Na riƙe shi a zuciya, ko da yake ba laifinsa ba ne. Ranar arba'in aka taru a zaure: liman, mai unguwa, Baffanka, da Gwaggonka Rabi, yayar mahaifinka. Ni ina takaba, ina zaune bayan ƙofa. Aka sa kaset. An ji sallama, an ji gaisuwa, an ji ya nemi gafarar kowa, duk da ƙarar. Sai ya ce, "Sani, ga Abba nan. Abin da nake so ka yi shi ne..." Daidai nan muryarsa ta yi ƙasa, inji ya hau kanta. Kana jin mutum yana magana, amma ba ka kama kalma ko ɗaya. Haka ya tafi kamar tsawon karanta Fatiha sau uku. Sannan muryar ta fito: "...kada a saɓa wannan, amana ce."

Da kaset ya ƙare, Baffanka ya ce shi dai bisa al'ada ɗan wansa nasa ne, zai tafi da kai Kabo, ka yi makaranta a can, da yamma ka zauna kusa da shi a shago. Ni kuwa a duk maganarsa kalmar shago kawai na ji. Na hango ka a kan benci da ƙarfen narka dalma, littafi ya tafi. Na hango ɗakina ba miji ba ɗa.

Liman ya juyo wajen ƙofa ya ce, "Ke da kike gidan, ko ya faɗa miki abin da ya ce?"

Na ce, "Ya faɗa mini. Ya ce kada a raba ni da yaron, kada ya bar Gwarzo."

Bai faɗa mini ba, Abba. Ina wajen kunu.

Mai unguwa ya ce, "Ai shi ke nan. Ita mai ilimi ce, ta gama sakandare, ba za ta ruɗe ba." Ka ji abin da na yi da karatuna. A lokacin matan unguwarmu da suka yi sakandare ba su da yawa, an ɗauki maganata da nauyi, ni kuma na ɗora nauyin a kan ƙarya.

Baffanka bai yarda nan take ba. Ya jawo rakodar, ya manna kunnensa, ya mayar da kaset baya har sau uku. Ya murɗa nan ya murɗa can, ya fito da ɗan sukudireba daga aljihu ya taɓa cikinta. Iyakar abin da mai gyaran rediyo zai iya ke nan a wancan zamani. Ya ɗago ya ce, "Ni dai kunnena yana jiyo kamar Kabo a ciki."

Da can ni da shi abokan wasa ne, kamar yadda matar wa take da ƙanen miji. Baturiya yake kirana saboda bokona, ni kuma ina ce masa Sarkin Batir. Sai na ɗauko bakin wasan na soke shi da shi. Na ce, "Mai son abu ai ko a kukan jaki zai ji sunan garinsu." Wani ya yi dariya ya haɗiye.

Baffanka ya ce, "Baturiya, yau ba wasa na zo ba." Ya cire kaset ɗin, wanda nasa ne, don shi aka yi, ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, "Allah dai Ya ji abin da ya ce." Ya sa takalmansa ya tafi.

Na ji ka gaya wa Hadiza cewa inda ƙara ta cinye magana gaba ɗaya, mai gaskiya barin wurin yake yi a buɗe, ba ya ƙirƙiro abin da zai cike. Ka riƙe wannan a wajen aiki, ka riƙe shi a wajen mutane. "Ban ji ba" magana ce cikakkiya. "Ban sani ba" ba ta rage wa injiniya daraja. Za ka shiga wurin da za a yarda da kai saboda takardarka, mutanen da ba su san lissafinka ba za su sa hannu a kan abin da ka ce. Ranar da ka ga an yarda da kai ba tare da bincike ba, ranar ce za ka fi jin tsoron Allah.

Ƙarya kuma ba ta zama ita kaɗai, sai an yi mata shinge. Don kada maganar ta sake tashi, na janye ku daga Kabo gaba ɗaya. Na daina tura ku gaisuwar salla. Gwaggo Rabi, wadda ta yi mini wankan jego lokacin haihuwarka, ta aurar da 'yarta na aika gudummawa ban je ba, alhali ba ta ce mini ko uffan ba a zauren nan. 'Ya'yan Baffanka kun tashi kuna haɗuwa a wajen ta'aziyya kamar baƙi. Da ka ci jarrabawar shiga sakandare, ya aiko maka da ƙaramar rediyo a akwatin katako, shi ya haɗa ta da hannunsa. Na mayar da ita a motar da ta kawo ta. Ba ka taɓa sani ba. Ka kuma tuna dukan da na yi maka ranar da na same ka ka kwance rakodar mahaifinka, ka jera kusoshinta a kan faifai? Na ce maka don ɓarna ne. Ba ɓarna ba ce ta ba ni haushi. Hannun Sani na gani a jikinka.

Ka ce in mai tacewa ya ji haushin ƙara ya yanka da faɗi, sai ya kwashe har da muryar da yake nema, abin da ya rage ya fito kamar mai magana daga cikin tulu. Haka gidan nan ya zama. Na nemi cire mutum ɗaya, na cire dangin ubanku duka. Don haka in ka saɓa da wani a Legas, kuma za ka saɓa, ka tsaya a kan abin da ya haɗa ku. Kada ka haɗa da matarsa da 'ya'yansa da ƙabilarsa. In Bayarabe ɗaya ya cuce ka, mutum ɗaya ne ya cuce ka.

Za ka ce me ya sa sai yanzu. Ba tsoron na'urarka kaɗai ba ne, da shi ne da na jefa kaset ɗin a murhu. Bara da aka ƙaddamar da Shari'a, ina cikin waɗanda suka fi kowa murna. Na ce yanzu ɓarayi da mashaya za su gane kurensu. Ina ta ƙirga wa mutane laifinsu daga kan kujerata. Rannan a Islamiyya Malama tana karantar da manyan zunubai, ta zo kan shaidar zur da yanke zumunci, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga hannu na ce, "Malama, wata ce ta ce in tambayar mata. In mutum ya faɗi abin da yake kyautata zaton mamaci ya faɗa fa?"

Ta ce, "Ta ji da kunnenta?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To ta faɗi inda ta ji, ta yi shiru a inda ba ta ji ba. Zato ba shaida ba ne. Wace ce, Hajiya? Ki zo mini da ita."

Na ce, "Ta yi nisa."

Ba ta yi nisa ba, tana zaune a sahun gaba da hijabinta har ƙasa. Tun ranar ban sake sakewa ba. A can kudu za su yi ta tambayarka labarin Shari'ar Kano, wasu da son sani, wasu da tsokana. Kada ka tsaya musu. Ka bari su gani a awonka da alkawarinka. Wanda ya nemi Shari'a don a hukunta maƙwabcinsa bai san abin da ya nema ba, kuma uwarka ce ta fara faɗa maka.

Ban yi nadamar riƙe ka ba, kada ka fahimce ni a karkace. Na yi maka tarbiyya iyakar iyawata, ga ka nan Allah Ya raya. Mai yiwuwa ma in ka tace kaset ɗin ka ji Malam ya faɗi daidai abin da na ce. Na yi ta wannan tunani ina lallashin kaina. Amma ko haka ta kasance, ba ta wanke ni ba, domin na ce na ji alhali ban ji ba. Mai yiwuwa kuma ya ce a kai ka Kabo. In haka ne, na saɓa amanar mamaci shekara goma sha biyar, na kuma mai da ƙanensa maƙaryaci a gaban liman.

Ga abin da nake so ka yi. Ka kwafe kaset ɗin ka yi aikinka a kan kwafin, asalin ka adana shi, domin ba wani. Ka tuge turakun nan naka a hankali, kada ka taɓa muryar mahaifinka. Ka riga ka ce ba lalle duka ya fito ba, musamman inda ake zuba dawa. Na yarda. Abin da ya fito ya fito, abin da bai fito ba ka bar shi. Kada ka ƙara harafi don ka rufa mini asiri, kada ka rage don ka tausaya mini. In ka yi haka ka maimaita laifina ne da kayan zamani, kuma ban yafe ba.

In ka gama, kada ka rubuto mini abin da ka ji. Ba ni aka yi wa saƙon ba. Sunan Sani aka kira a ciki, shi zai fara ji.

Kuma kada ka yi nawa. An gaya mini kunnen Baffanka na hagu ya tafi, na dama ma sai an ɗaga murya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da kunne a jikin rediyo. In ka bari aikin kamfani ya sha kanka har shekara ta zagayo, za ka iya kawo muryar wansa tas, ka tarar ba kunnen da zai karɓe ta. Babbar salla nake so ka zo da shi.

Gobe Juma'a ka shirya da wuri. Za ka je Kabo ka yi wa Baffanka da Gwaggonka sallama, ba a tafiya irin wannan ba albarkar dangin uba. Ni ma zan je. Ba zan jira kaset ya yi magana kafin ni in yi ba, abin da na faɗa a bayan ƙofa zan warware shi a gabansa. Ka zauna gidan gaba kusa da direba, ni da Hadiza muna baya. Kada ka juyo, kada ka yi mini maganar takardar nan a mota, ko bayan mota. In mun isa ka gaishe shi ka fita waje. In ya kore ni, hakkinsa ne. In ya ce mini Baturiya, to Allah Ya rufa asiri.

Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini abin da na ɗora a bakinsa. Kai kuma Allah Ya yi maka albarka. Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin ruwa da sharrin mutum, Ya haɗa ka da abokan arziki, Ya ba ka kunnen jin gaskiya ko ta fito da ƙaramar murya. Ya dawo mana da kai lafiya.

Na riga na faɗa wa Malam Audu. Ranar da za ka zo da kaset ɗin, a ɗakin Malam za a saurara, a zaunar da Baffanka ta gefen kunnensa mai ji. Ko dawar garin nan duka aka tara a ƙofar shago, injin nan a kashe zai wuni.

Wassalam.

Mahaifiyarka.